Kwanon da Ke Saman Kabet ɗin Inna

Levenshulme, da duku-duku

Ranar Asabar na yi sallar asuba ƙarfe shida saura kwata, shida da minti goma na ja ƙofar gidanmu a hankali don kada in tashi 'yan uwan zamana. Watan Nuwamba ne, gari da duhu, ga yayyafin nan na Manchester da mutum ke rainawa har ya jiƙe sharkaf. Jaka biyu na ɗauko. Ƙaramar kayan sawa ne na kwana ɗaya. Babbar kuwa ƙarafa ne huɗu na ɗaure kabet a jikin bango, da kusoshi, da tocila, da gwangwanin wani danƙo da ake kafe kayan fashewa da shi a gidajen tarihi.

Bari in faɗi dalili, don na san har yanzu a Kano dariya ake yi mini. Shekarata ta uku ke nan a jami'a ina binciken girgizar ƙasa. Ranar da zan taho, yayana ya ce zuwa Ingila karatun girgizar ƙasa daidai yake da zuwa Agadas koyon tuƙin kwalekwale. To, ba haka ba ne. Dutsen da ke ƙarƙashin ƙasar nan tsoho ne mai tsagogi, kamar tukunyar da ta sha wuta. Akwai su ƙarƙashin Manchester, akwai su yamma da Birmingham. Jefi-jefi sai gefe guda ya ɗan zame, ƙasa ta yi tari. Irin wannan ba ta cika rushe gida ba. Aikinta shi ne ta sauko da abin da ke sama: bulo daga kan rufi, hoto daga bango, kwano daga kan kanta.

Ranar Talata da yamma Inna Asabe ta kira ni. Ƙanwar mahaifiyata ce, ta haura shekara ashirin a Handsworth. Mahaifiyata ta rasu ina da shekara biyar, don haka a nan Turai Inna ce uwata, ita ce kuma 'yan sandana. Sunan mahaifiyarsu aka sa mini, shi ya sa ba ta kiran sunana.

"Mamana, abin naku ya zo."

"Wane abu, Inna?"

"Ina zaune bayan la'asar na ji kamar tirela ta shigo falo. Kwanukan kabet duk suka ɗauki surutu. Na saman nan ya matso, ya kai yatsa biyu."

Na duba na'urorin sashenmu, sai ga girgizar, 'yar ƙarama amma ta gaske. Ba zan ɓoye muku ba, murna na fara yi, har da tafi. Sai daga baya na tuna inda kwanon yake. Ƙaton tangaran ne mai murfi, yana can saman kabet ta waje, kujerar Inna kuma tana ƙarƙashinsa daidai. Tun daga lokacin na ƙudura cewa ba zan dawo daga Birmingham ba sai kwanon nan ya sauko.

Manchester zuwa Birmingham

Bas ɗin Stockport Road ya zo shida da minti ashirin, ya sauke ni cikin gari bakwai saura minti ashirin. Na taka zuwa tashar manyan motoci, ƙarafana suna ƙara a bayana kamar mai tallan kayan gwangwan. Tikitin fam tara ne. Lokacin tsuke bakin aljihu ne, gwamnati na yanke nata, mu ɗalibai muna yanke namu, jirgin ƙasa mun bar wa masu albashi.

Direban wani dattijo ne ɗan asalin Jamaika. Ya ɗaga jakata zai jefa a but, sai ya ajiye ya dube ni.

"Me kika zuba a nan?"

"Kayan girgizar ƙasa."

"Za ki kai ta Birmingham ne, ko za ki hana ta?"

"Hanawa."

"To shiga. Kafin mu kai Stoke za ki samu wadda za ki hana."

Gaskiyarsa. Mun tashi ƙarfe bakwai daidai, tafiyar mil tamanin da 'yan kai. Tun kafin mu hau babbar hanya muka fara faɗawa ramukan da aka ce babu kuɗin cikewa. Na kunna abin auna girgiza da ke wayata na ɗora a cinya, layin ya dinga tsalle yana dukan sama. Wata tsohuwar Baturiya da ke gefena tana saƙa ta leƙo ta tambaye ni ko na'urar zuciya ce. Da na yi mata bayani sai ta ce ita ma ta taɓa jin girgiza sau ɗaya a rayuwarta, ta ɗauka mijinta ne ya faɗo daga gado, kwana biyu tana masa faɗan ya rage ci.

Takwas da rabi muka tsaya kusa da Stafford, minti goma sha biyar. Na ga kuɗin shayinsu na fasa, na koma mota na ci burodina da ƙwai. Goma saura minti goma muka shiga Birmingham. Daga nan na hau bas zuwa Handsworth ta Soho Road, inda doya da agada ke jere a ƙofar shago kusa da yadin Indiya, kowa da harshensa kuma kowa na sauri. Goma da minti arba'in na danna ƙararrawar gidan Inna.

Handsworth, ranar Asabar

"Mamana, kin rame. Duwatsun kike ci?"

Ba ta bari na buɗe jaka ba sai da na tashi da waina shida da miyar taushe. Sannan ta yi mini jagora zuwa falo, ta tsaya a gefe ta harɗe hannu kamar mai gida da ma'aikacin lafiya.

Gidan irin na da ne, dogo siriri, manne da na maƙwabta. Kabet ɗin ya kai tsawon ƙofa. A ciki akwai jeren Inna tun na aure: samira a ƙasa, farantai a tsakiya, kofuna da tasoshi a sama, ko wanne na sheƙi. A can bisa, shi kaɗai, ga mutumin nawa. Fari ne mai shuɗin fure, bakinsa da zanen ruwan zinare, murfinsa ya ɗan ɓalle a gefe guda. Na taɓa kabet ɗin da yatsa, ya yi rawa. Ko kusa ɗaya ba ta riƙe shi ba.

"Inna, ƙa'idar ɗaya ce. Mai nauyi a ƙasa, marar nauyi a sama."

"Ƙa'idar wa?"

"Ta masana."

"Masanan sun taɓa yin jere? Ƙasa wurin kwanon yau da gobe ne. A ina kika taɓa ganin an sa kan jere a ƙasa, kusa da ƙafar mutane?"

"To a matsar da kujerar."

"Nan hitar ɗumama ɗaki take. Daga nan nake ganin ƙofa, nake ganin talabijin. Likitan unguwarmu, GP, ma ya ce gwiwata na son ɗumi."

Na fito da danƙon na nuna mata. Ta latsa shi, ta shinshina, ta miƙo mini.

"Cingam za ki manna wa kwanona? Duk Sallah sai na sauke shi na wanke. In kin kafe shi, ke za ki dinga zuwa daga Manchester da tsani?"

Na ga nan ba za a ci riba da wuri ba, sai na koma darasi na biyu. Na ce in ƙasa ta motsa ba a gudu waje, don a bakin ƙofa ne bulo ke faɗowa. Durƙusawa ake yi, a shige ƙarƙashin tebur, a riƙe ƙafarsa. Inna ta ce ita da ta yi aikin Hajji sau biyu ba tebur ne zai tsare ta ba. Na ce ko a Hajjin ai da lema ta tafi. Ta harare ni, amma ta tattare zaninta. Da bismilla da salati muka shige ƙarƙashin teburin cin abinci mu biyu, kowa ta kama ƙafa ɗaya.

A haka mijinta ya same mu. Baba Dakta likitan ƙashi ne a babban asibitin da ke Edgbaston, ya dawo daga aikin safe. Ya tsaya da jakarsa a hannu, ya sunkuyo ya leƙa.

"Assalamu alaikum. Council ce ta ƙara haraji kuke ɓuya?"

"Dakta, ka daina dariya ka jawo ni. Shiga na koya, ba a koya mini fita ba."

Bayan azahar muka haɗa jakar ko-ta-kwana. Ni na lissafa ruwa, tocila, maganin hawan jininta, da kwafin fasfo. Na je kicin na dawo na tarar jakar ba ta rufuwa. Inna ta ƙara yaji, daddawa, kilishi, turaren wuta, da mayafi biyu, wai ba za ta tsaya gaban maƙwabta da mayafin jiya ba.

Sai aikin bango. Baba Dakta ya ɗauko na'urar huda bango yana murna, Inna ta tare ƙofa. Ashe shekarun baya ya tashi rataye agogo ya huda bututun ruwa, falo ya zama kududdufi.

"Mutumin da ke huda ƙashin mutane kullum," in ji ni.

"Ƙashi da hotonsa yake zuwa, Mamana," in ji shi. "Bangon nan ba wanda ya yi masa X-ray."

Ni na karɓi na'urar. Muka kwashe jeren gaba ɗaya muka shimfiɗa a kan kafet. Da aka zo kan na sama, Inna ta ce ba mai taɓawa. Ita da gwiwar da GP ya sani ta hau kujera, Baba Dakta na riƙe da ƙugunta, ta sauko da shi ta zauna ta rungume shi a cinya. Haka ta riƙe shi har na gama huda huɗu, na ɗaure ƙarafa biyu, na girgiza kabet da hannu biyu bai motsa ba. Muka mayar da samira, muka mayar da farantai. Na bar gurbi mai kyau a layin ƙasa, har da shimfiɗa masa ɗan ƙyalle.

"Dakta, riƙe mini kujera," in ji Inna.

A nan na yi wautar. Na gaji, ƙurar bango ta cika mini hanci, ga shi na yi tafiyar mil tamanin saboda abu ɗaya kuma ina kallo ana mayar da shi.

"Haba Inna, kwano ne fa. Kanki ya fi shi. In ma ya fashe, gobe in shiga Soho Road in sayo miki wanda ya fi shi kyau."

Ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta dube ni kawai, ta hau, ta ajiye shi a wurinsa, ta juya shi har ɓallin murfin ya kalli bango. Baba Dakta ya tuna yana da waya da zai yi a mota. Da magariba muka ci tuwon shinkafa, Inna na zaune a kujerarta, kwanon na bisa kanta. Na ji kunya, na kuma ji haushi, ban san wanda ya fi yawa ba.

Handsworth, safiyar Lahadi

Bayan asuba na sauko na tarar da ita a kicin. Ta shimfiɗa tawul a cikin roba, kwanon na ciki, tana wanke shi da ruwan ɗumi. Ba Sallah ba ce. Na durƙusa na gaishe ta, na ce ta yafe mini maganar jiya.

"Tashi ki riƙe murfin. Hannu biyu. Kin ga wurin nan da ya ɓalle?"

"Na gani."

"Aikinki ne."

Na juya murfin na duba ɓallin.

"Kwanon Yaya ne, mahaifiyarki, kan jerenta. Kina da shekara uku kika ja kujera kika hau, kika jawo murfin ya daki bakin gado. Ina wurin. Ta ɗaga hannu za ta make ki, kika ce mata nama kike nema, sai ta fashe da dariya. Ranar ta mayar da shi can saman sif, ta ce nan ne wurinsa, inda hannun Mamana ba ya kaiwa." Ta ɗauraye kwanon ta juya shi. "Duk girgizar ƙasar da kwanon nan ya taɓa gani a duniya ke ce."

Na yi dariya, dariyar ta zo da hawaye. Abin da nake tunawa na mahaifiyata bai fi ƙamshin turarenta da wani koren mayafi ba. Shekara uku ina shiga falon nan ina wuce kayanta, jiya har na yi masa kuɗi.

"Da aka raba gado ya faɗo a rabonki," in ji Inna. "Babanki ya ba ni ajiya. A cinyata ya zo daga Kano, ban ci abincin jirgi ba don ba inda zan ɗora tire. Na sa shi inda ta sa shi. Niyyata sai ranar aurenki in fito da shi, to ke kuma kin auri duwatsu."

"Me ya sa ba ki taɓa gaya mini ba?"

"In na gaya miki ai sai in ba ki. Ni ma yayata ce." Ta goge hannunta a zani. "Amma ranar Talata da na ga ya matso, ba kaina na tuna ba. Cewa na yi, in ya faɗo me zan gaya wa Yaya? Shi ya sa na kira ki. Da na gan ki kuma sai na kasa ba ki shi. Jiya da kika hau kina huda bango na ga hannunki ya kai har ya wuce. Ɗauki abinki."

Edgbaston zuwa Manchester

Naɗin ya ci minti arba'in. Tawul biyu, zanin Inna na atamfa, kwali, sannan igiya. Na ce ina da tikitin mota na komawa, Inna ta ce ta ji labarin ramukan, kwanon Yaya ba zai hau motar nan ba. Baba Dakta ya sayi tikitin jirgin ƙasa ba tare da an tambaye shi ba. Goma da rabi muka fita, zai sauke ni a tashar da ke kusa da asibitinsu. Tafiyar hawainiya ya dinga yi, masu mota na ta yi mana hon.

"Marasa lafiyata ma ba na lallaɓa su haka," in ji shi.

Daga Edgbaston minti kaɗan ne zuwa babbar tashar cikin gari. A can na iso shingen duba tikiti, hannuna biyu na kan kwali, tikiti na cikin aljihu. Ma'aikacin ya ga yadda na rungume shi ya buɗe mini babbar ƙofar masu keken jarirai.

"Jariri ne?"

"Ya girme ni."

Jirgin Manchester ya tashi sha biyu saura minti uku. Na samu kujerar taga na ɗora kwalin a cinya. Mai tura keken shayi ta wuce sau biyu, ina jin yunwa, ba inda zan ɗora kofi. Ban kunna abin auna girgiza ba, cinyata ta ishe ni awo. Duk inda jirgi ya sauya layi sai in ji murfin ya ce ƙis a cikin tawul, in ƙara rungume kwalin. Muka wuce Wolverhampton, Stafford, Stoke. Ɗaya da rabi muka shiga Manchester, na sauya zuwa ƙaramin jirgi, minti bakwai ya kai ni Levenshulme. Ƙarfe biyu daidai na tura ƙofar ɗakina da ƙafa.

Levenshulme, gida

Na kwance igiya, na warware zani. Lafiya lau, ɓallin nan ɗaya ne, nawa.

Na bi ƙa'ida. Na share layin ƙasa na kantar littattafaina, na ajiye shi a can, na koma bakin gado na zauna ina kallonsa. Yana kusa da takalmana da kwandon wanki. Na yi la'asar, na sake kallonsa. Na kai awa ɗaya ina gaya wa kaina abin da na gaya wa Inna jiya, kalma da kalma, kuma duk gaskiya ne. Sannan na tashi na ja gadona zuwa ɗaya bangon, har mutanen ɗakin ƙasa suka buga silin. Na ɗaure sif da ragowar ƙarfe, na murza danƙo guda huɗu, na hau kujera.

Ina saukowa waya ta yi ƙara.

"Mamana, kun isa?"

"Mun isa lafiya, Inna."

"A ina kika ajiye shi?"

Na ɗaga kai na kalli kwanon.

"Ina jin ki."

"A saman sif."

Sai na ji ta ɗaga murya tana kiran Baba Dakta, wai ya zo ya ji inda masana suka ajiye kwano. Na ce ai na sa danƙo, na kuma matsar da gado. Ta ce ta ji, in dai juya ɓallin ya kalli bango, haka Yaya ke yi. Na ce a'a, ni ta gaba na juyo shi, ina so in dinga ganinsa.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni. Na gode wa direban da bai jefa jakata ba, da Baba Dakta da ya sha hon saboda mu. Inna kuwa, wadda ta hana kanta abincin jirgi ta riƙe mini amana shekara ashirin da ɗoriya, ban san da bakin da zan gode mata ba. Allah ya jiƙan mai kwanon, ya sa Aljanna ce makomarta.